Riƙon Yaro Mai Ciwon Zuciya Daga Ƙetare: Tambayoyi da Amsoshi

A ƙauyukan Maigatari, Babura, Gumel da Ɗambatta, kusan kowane gida yana da dangi a tsallaken iyaka, a Magarya ko Dungas ko Matamaye ko cikin Damagaram. Wasu kuma 'yan uwansu sun daɗe a Sudan ko Saudiyya. Idan rasuwa ta faru can, ko aure ya mutu, akan kawo yaro gida a damƙa wa gwaggo ko kawu. Wani lokaci yaron yakan zo da ledar magunguna da bayani guda: an ce zuciyarsa tana da rami. Waɗannan su ne tambayoyin da masu niyyar irin wannan riƙo suka fi yi.

Mene ne abu na farko da ya kamata mu yi kafin mu amsa?

Ku nemi sanin ainihin sunan ciwon. "Ciwon zuciya" suna ne na cututtuka da dama, wani yaro zai girma da nasa har ya yi noma ya yi aure, wani kuma yana da 'yan watanni ne kawai kafin damar yi masa aiki ta wuce. Abin da ke raba su shi ne hoton zuciya da ake kira eko, wanda ake ɗora wata 'yar na'ura a ƙirji a ga ɗakunan zuciya huɗu da ƙofofinta suna aiki. Ba ya ciwo, ba a huda fata, kuma bai cika wuce sa'a ɗaya ba. Hoton ƙirji na eksire da gwajin bugun zuciya suna taimakawa, amma ba sa maye gurbinsa.

Idan an taɓa yi masa eko a can, a zo da takardar. Ko an yi ko ba a yi ba, a sake yi a nan cikin makonni biyun farko. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da likitocin zuciya na yara. Daga Jigawa za a iya farawa da asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko asibitin tarayya na Birnin Kudu, ko babban asibitin da ya fi kusa, a karɓi takardar turawa. Ku roƙi likita ya rubuta muku abu uku: sunan ciwon, ko yana buƙatar aiki, da kuma shekarun da bai kamata a wuce ba.

Waɗanne iri ne aka fi gani?

Kusan jariri ɗaya cikin kowane 100 ana haifarsa da wata tawaya a zuciya. Wadda ta fi yawa ita ce rami a bangon da ya raba ɗakuna biyu na ƙasa. Ƙaramin rami yakan toshe da kansa a shekarun farko, sai dai a riƙa dubawa. Babban rami kuwa yana tura jini mai yawa zuwa huhu, shi ya sa jariri ke haki, yana gumi a goshi in yana shan nono, ya kama ya saki, nauyinsa ya ƙi ƙaruwa, ga ciwon haƙarƙari a kai a kai. Akwai rami a bangon ɗakunan sama, wanda ya fi sauƙi, ana iya jira har shekara 3 zuwa 5. Akwai kuma wata jijiya da ya kamata ta rufe kwanaki kaɗan bayan haihuwa amma ta zauna a buɗe. Sau da yawa ana toshe ta ta jijiyar cinya ba tare da an buɗe ƙirji ba.

Sai wanda likitoci ke kira Fallot, mai haɗa tawaya huɗu. Jinin yaron ba ya samun isasshiyar iska, don haka yakan yi shuɗi. A baƙar fata ba a fuska ake gani ba. A duba harshe, dasashi, cikin leɓe da ƙarƙashin farce. Idan ya fara tafiya za ku ga ya yi 'yan taku ya tsuguna, ya huta, ya tashi. Kada a hana shi, kada a ce lalaci ne: tsugunon yana ƙara tura jini zuwa huhu.

Na ƙarshe ba da shi ake haihuwa ba. Yana kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15, daga ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba. Bayan mako biyu ko uku sai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi mai yawo daga gwiwa zuwa idon sawu zuwa gwiwar hannu, daga nan ya lalata ƙofofin zuciya. Wannan ya yi yawa a yankinmu, inda yara ke kwana da yawa a ɗaki ɗaya.

Yana yaɗuwa ga sauran yaran gida?

Wanda aka haifa da shi ba ya yaɗuwa ko kaɗan. A ci a kwano ɗaya, a kwana a tabarma ɗaya. Ba maita ba ce, ba kuma laifin uwarsa ba ne. Na maƙogwaro ma ciwon zuciyar ba ya ɗaukuwa, ƙwayar cutar maƙogwaron ce ke yawo, saboda haka duk yaron gidan da ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi a kai shi asibiti, a kuma shanye maganin na kwana 10 cif.

Me addini ya ce? Za mu iya sa masa sunanmu?

Riƙon maraya aiki ne mai girman lada, kuma hadisin da Annabi (SAW) ya haɗa yatsunsa biyu game da mai kula da maraya sananne ne. Abin da aka hana shi ne mayar da yaro ɗan cikinka ta hanyar canza nasabarsa. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Don haka a katin asibiti, a makaranta, a fasfo, sunan mahaifinsa ne zai tsaya, ku kuma a rubuta ku a matsayin mariƙa. Wannan yana da amfani har wajen magani: idan sunan takardar eko ta Damagaram ya bambanta da na katin Kano, ya bambanta da na fasfo, ofishin biza zai mayar da ku baya a lokacin da kowace rana take da tsada.

Ɗan riƙo ba ya gadon mariƙinsa, amma ana iya yi masa kyauta tun da rai, ko wasiyya wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya ba. Idan mahaifinsa ya bar masa gona ko dabbobi, dukiyarsa ce. Ana iya kashe ta a kan maganinsa, amma a sa shaidu, a rubuta kowace naira, a ajiye rasit.

Game da muharramaka, idan yaron bai kai shekara biyu ba kuma ba a yaye shi ba, matar gida mai shayarwa ta ba shi nono, ya zama ɗanta na shayarwa. A mazhabar Malikiyya ko sau ɗaya ya isa. Kafin a yi haka a gwada jinin uwar da na jaririn don cutar ƙanjamau da ciwon hanta.

Waɗanne takardu za mu nema, kuma daga wa?

Da yawa suna ganin tunda ɗan ƙanwa ne, ai ba sai an yi takarda ba. A ranar kasuwar Maigatari ta Alhamis mutane na shige da fice kamar gari ɗaya, amma babba da ya tsallako da yaron da ba nasa ba, ba tare da wata shaida ba, yana iya faɗawa hannun jami'an shige da fice ko hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, da zargin safarar yara. Kuma ranar da za a shiga ɗakin tiyata, asibiti zai tambayi wanda doka ta ba ikon sa hannu.

Daga can a zo da takardar haihuwarsa, takardar rasuwar iyaye idan sun rasu, da yardar wanda ya rage daga iyaye ko waliyyinsa a rubuce, da shaidu, da hatimin hukuma ko kotu ta can. A haɗa da katin rigakafi da duk wata takardar asibiti, ko da ta tsufa ta yayyage. Takardun Nijar da Faransanci suke, na Sudan da Saudiyya da Larabci. A fassara su, a ajiye na asali a cikin leda, a ɗauki hotonsu a waya.

A nan gida a sanar da mai unguwa da dagaci, a je sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, sannan a nemi kotu ta tabbatar da riƙon a rubuce. Jigawa ta sa hannu a dokar kare yara a 2021, Kano a 2023, don haka al'amarin yara yana da doka a jihohin biyu. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya samo muku yaro, ko ya shirya takardu ta bayan fage, ku guje shi.

Ya zo da magunguna masu sunan Faransanci. Mu ci gaba da ba shi?

Ku ci gaba kamar yadda aka rubuta har ku ga likita, kuma ku kai masa kwalayen duka, kada ku tsaya ga faɗa da baki. Dalili: magani ɗaya yana da suna biyu. Abin da ake kira Lasilix a Nijar shi ne Lasix a nan, wato furosemide, maganin da ke sa fitsari don rage ruwa a huhu. Allurar Extencilline ita ce benzathine penicillin. Idan aka haɗa na can da na nan, yaro ya sha ninki biyu, sai ya bushe, ya galabaita, idonsa ya faɗa.

A auna maganin ruwa da sirinji marar allura, a kan layin da ma'aikacin asibiti ya nuna. Cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Ana lissafa magani ne da nauyin yaro, saboda haka duk zuwa asibiti a ɗora shi a sikeli, domin awon da ya dace da kilo 6 ya yi kaɗan ga kilo 9.

Digoxin, maganin da ke ƙara wa bugun zuciya ƙarfi, shi ne mafi haɗari, domin tazarar da ke tsakanin awon da ke magani da wanda ke cutarwa kaɗan ce. Idan yaro ya yi amai bayan ya sha, kada a ba shi wani a madadin wanda ya amayar. Idan an manta, kada a haɗa biyu. Idan ya fara ƙin abinci, yana amai, bugun zuciyarsa ya yi sanyi, a dakata a kai shi asibiti. Gudawa tare da furosemide tana zubar da wani gishirin jiki da ake kira potasiyam, wanda ƙarancinsa ke sa digoxin ya zama guba. Shi ya sa gudawar wannan yaro ba ta jiran gobe. A ɗaga maganin sama inda sauran yara ba za su kai ba, nesa da zafin kwano.

Mai ciwon ƙofofin zuciya kuma akwai allurar penisilin duk mako 3 ko 4: raka'a 600,000 ga wanda bai kai kilo 27 zuwa 30 ba, miliyan 1.2 ga wanda ya wuce. Tana da zafi, yara suna gudunta, amma ita ce ke hana ciwon dawowa ya ƙara cinye ƙofar. Ana yin ta aƙalla shekara 10, ga mai lalacewa sosai har ya kai shekara 40 da haihuwa ko iya rayuwa. A asibiti za a yi, ba a kemis ba, a ba shi abinci da ruwa kafin a yi, a kuma zauna rabin sa'a bayan an gama. Ku rubuta ranar a kalanda, ko ku ɗaure ta da ranar kasuwa don kada a manta.

Yaya za mu ciyar da shi ya yi ƙiba?

Wannan yaro zuciyarsa da numfashinsa suna cin abincin da ya kamata ya zama tsoka, ga shi yana gajiya kafin ya ƙoshi. Don haka kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Jariri a ba shi nono duk sa'a biyu zuwa uku, a zaune a jikin uwa kansa a sama, kada zama ɗaya ya wuce minti 20 zuwa 30. Idan ya kasa tsotsa, a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi ko cokali.

Bayan wata shida, koko mai ruwa-ruwa cika ciki kawai yake. A dama kunu mai kauri wanda ba ya zuba daga cokali da sauri, a sa markaɗaɗɗiyar gyada ko garin waken soya da ƙaramin cokali ɗaya na man gyada ko man shanu. Ƙwai, wake, kifi, hanta da madarar da aka tafasa duk suna da kyau. A rage gishiri da dunƙulen miya, a bar kunun kanwa da duk abincin da aka cika wa kanwa, domin tana riƙe ruwa a jiki kamar gishiri. A duba jininsa lokaci-lokaci. Ƙarancin jini yana ninka wa zuciya aiki. A gwada shi sikila tun da wuri.

Wace alama ce ke nufin a tashi yanzu, ko da tsakar dare ne?

Ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif yana kwance shiru. Sau 60 ko fiye ga wanda bai kai wata biyu ba, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 12, 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ya yi yawa. Haka idan ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki, ko yana gurnani, ko ya ƙi nono sau biyu a jere, ko fuska da ƙafa da ciki sun kumbura, ko ya suma, ko gefe ɗaya na jikinsa ya saki.

Mai Fallot yakan yi wani irin tashi, galibi da safe, ko bayan kuka ko yunƙurin bayan gida: ya yi shuɗi sosai, numfashi ya yi zurfi da sauri, jiki ya saki. A nan take a ɗauke shi, a naɗe gwiwoyinsa a manna su da ƙirjinsa, a rungume shi a rarrashe shi. Babban yaro a sa shi ya tsuguna. Kada a watsa masa ruwa, kada a ɗura masa komai, kada a yi masa hayaƙi, kada a taru a kansa ana kururuwa. Idan bai dawo ba cikin 'yan mintoci, a tafi asibiti a haka, gwiwa a ƙirji. Ko ya dawo, a sanar da likita, domin alama ce cewa aiki ya matso.

Tun kafin ranar ta zo, ku shirya da mai babur ko mai mota ɗaya a gari, ku ajiye lambarsa da kuɗin mai. Da damina, in hanyarku tana yankewa, ku karɓi maganin wata biyu.

Wanzami fa, da maganin gargajiya?

Cire beli, tsaga, ƙaho da cire haƙori a gida duk suna buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya zuwa jini, su kuwa suna son maƙalewa a zuciya mai rami ko ƙofar da ta lalace. Ciwon da ke biyo baya yana buƙatar allurai na mako 4 zuwa 6 a kwance, kuma yana kisa. Kaciya a yi ta a asibiti, bayan likitan zuciya ya amince. Saboda wannan dalili a kula da haƙoransa, buroshi ko asuwaki safe da dare, kuma zazzaɓin da ya wuce kwana uku bayan maganin cizon sauro a koma a faɗa wa likita cewa yaron yana da ciwon zuciya.

Addu'a da tofi babu mai hana ku, mu ma muna yi. Jiƙo da sassaƙe ne matsala, don ba a san ƙarfinsu ba, wasu suna sa gudawa, wasu suna karo da digoxin. Babu jiƙon da ke toshe rami a zuciya, kuma watannin da aka ɓata ana gwadawa su ne watannin da huhu ke lalacewa.

Rigakafin yara duka a yi masa, ciwon zuciya ba ya hanawa. Ya kwana a gidan sauro. Da hunturu a rufe masa ƙirji, a nisanta shi da hayaƙin murhu. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, mai yin shuɗi ya riƙa shan ruwa sosai, domin jininsa mai kauri ne, in ya bushe yana iya daskarewa ya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Idan an ce sai aiki, me ya sa ba za mu jira ya ƙara girma ba?

Nan ne aka fi yin asara. Babban rami yana tura jini huhu da ƙarfi dare da rana, jijiyoyin huhu su yi kauri su ƙanƙance. Idan aka wuce shekara ɗaya zuwa biyu, a wasu yara lalacewar ba ta komawa. Abin tausayi shi ne a daidai wannan lokaci yaron yakan yi kamar ya samu sauƙi: haki ya ragu, ciwon haƙarƙari ya ja baya, gida a yi hamdala. Bayan 'yan shekaru sai ya fara shuɗi, a je asibiti, likita ya ce toshe ramin yanzu zai kashe shi. Don haka sauƙin da ba eko ne ya tabbatar da shi ba, kada a dogara da shi.

A ina ake yi, kuma yaya batun kuɗi?

An fara buɗe ƙirji a yi aikin zuciya a Najeriya tun 1974 a asibitin koyarwa na Inugu, kuma yau ana yi a wasu asibitocin Legas da Abuja da wasu garuruwa, wani lokaci idan tawagar likitoci ta zo daga waje. Da yawa suna tafiya Indiya ko Masar. Cibiyar Salam da ke Khartum, wadda aka buɗe a 2007, ta yi wa 'yan Afirka da dama aiki kyauta, sai dai yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya sa hanyar ta yi wuya. Gidauniyar zuciya ta ɗan ƙwallo Nwankwo Kanu, da aka kafa a 2000, tana ɗaukar nauyin yara, amma layin yana da tsawo.

Kuɗin miliyoyin naira ne, kuma yana tafiya da canjin dala. Ku nemi asibitin ya ba ku ƙiyasi a rubuce, ku biya asibiti kai tsaye, kada kuɗi ya bi ta hannun dillali. Da takardar eko, wasiƙar likita da takardar kotu ake neman taimako a ma'aikatar lafiya, hukumar zakka, masallatai da gidajen rediyo. Ku yi rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA a Kano ko JICHMA a Jigawa, ku tambayi abin da take ɗauka na magani da gwaji. Ga tafiya waje ana buƙatar fasfon yaro da na mai rakiya, bizar jinya, da katin rigakafin shawara, wanda ake yi aƙalla kwana 10 kafin tashi. Idan yaron ɗan Nijar ne a takarda, fasfonsa daga Nijar zai fito, don haka a fara nema da wuri.

Bayan aiki shi ke nan ya warke?

Da yawa suna komawa kamar kowane yaro, amma zuwa asibiti ba ya ƙarewa. Ƙashin ƙirji yana ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe. A wannan lokaci kada a ɗaga shi ta hammata ko a ja hannunsa. A sa hannu ɗaya ƙarƙashin ɗuwawu, ɗaya a bayansa. A tambayi likita ranar da za a koma goyo. Zazzaɓi, ruwa ko ja a wurin ɗinki, ko sabon haki, a koma nan da nan.

Wanda aka sa wa ƙofar ƙarfe a zuciya zai sha warfarin, maganin hana jini daskarewa, iya rayuwarsa, tare da gwajin jini na INR, mai auna saurin daskarewar jini, a kai a kai. Zogale, alayyahu, rama da kuka suna rage ƙarfin maganin. Ba a hana ci ba, amma a riƙa ci daidai gwargwado kullum, kada yau a cika gobe a daina. Yarinya kuma a gaya wa likita tun kafin maganar aure ta taso, domin warfarin yana cutar da ɗan tayi, ciki kuma nauyi ne ga zuciya.

Zai iya makaranta, wasa da azumi?

Ya je boko da islamiyya, a sanar da malamansa, a roƙe su kada a sa shi tsallen kwaɗo ko gudu na horo. Ƙananan yara sukan tsaya da kansu in sun gaji, a bar shi ya yi wasa gwargwadon ƙarfinsa. Ɗebo ruwa daga nesa, ɗaukar itace da kiwo cikin rana a ɗauke masa. Kada a tura shi almajiranci wani gari, inda babu mai riƙe masa lokacin magani. Ya yi karatun allo a tsangayar unguwa, ya kwana a gida. Azumi, idan ya balaga, a haɗa shawarar likita da ta malami, musamman ga mai shan maganin fitsari ko mai yin shuɗi.

Matar gida ba ta sake da maganar ba. Mu kawo shi duk da haka?

A zauna da ita tukuna. Maigida ne ke amsawa a gaban dangi, amma ita ce za ta tashi ƙarfe biyun dare ta ƙirga numfashi, ita za ta kwana a benci a asibitin Kano ta bar nata 'ya'yan. Idan gidan mata biyu ne ko uku, a fayyace ɗakin da yaron zai zauna, mutum ɗaya ya riƙe magani, wani na biyu ya koya saboda ranar haihuwa ko tafiya. A kira 'yan uwan mahaifinsa da na mahaifiyarsa, a raba nauyi a gaban shaidu: wane zai ɗauki kuɗin mota, wane magani, wane zai yi rakiya. Idan bayan duk wannan ta ce ba za ta iya ba, a nemi wani gida a cikin dangi wanda ya fi kusa da asibiti, ku kuma ku ɗauki kuɗin maganin kowane wata.